Rasuwar Dattijo, Keken Gidan Malam Lukmanu, a Burjin Jiwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwar hagu naɗe da bandeji, ni Uthman Lukmanu, mazaunin Gwarimpa, mataimakin darakta a wata ma'aikatar tarayya da ba sai an ambaci sunanta ba, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kekenmu, Dattijo. Ya cika ranar Asabar da ta gabata, da misalin ƙarfe tara saura kwata na safe, a kan hanyar burji da ke bayan Jiwa, yana da shekara arba'in da takwas. Ina kansa lokacin da abin ya faru. Jim kaɗan bayan haka shi ne a kaina.

Sanarwar ta kowa ce, amma akwai mutum guda da nake rubuta ta saboda shi: babban wanmu, Yaya Hadi, da ke Zariya. Tun Asabar nake ɗaukar waya in kira shi. Duk sa'ad da na ɗauka sai in tuna akwai wani aiki mai muhimmanci da ban yi ba, kamar yanke farce.

An ƙera marigayin a Ingila a 1976. Ba don tsere aka yi shi ba, ba kuma don kai markaɗe ba. Keken doguwar tafiya ne, irin wanda Turawa ke rataya wa jakunkuna gaba da baya su bazama duniya kamar ba su da iyaye. Wani Bature ne ya ratso hamada da shi, ya iso Zariya a 1979 ba abin da ya rage a jikinsa sai gemu da gudawa. Mahaifinmu, Malam Lukmanu malamin gona, ya sauke shi a zaure, Inna ta yi mako uku tana ɗura masa kunun tsamiya. Da Baturen ya miƙe ya ce shi da keke har abada. Ya hau jirgi, ya bar wa Baba.

Duk wanda ya san Dattijo zai shaida halinsa. Koren fenti ne da shi mai duhu, da sirdin fata da ya san mazaunin kowane ɗan gidanmu, da kariya a baya da ta ɗauki buhun taki, ta ɗauki akuya, ta ɗauke ni. Yana da madigadin da bai taɓa bari taɓo ya taɓa rigar Baba ba, da fitilar dainamo mai haske gwargwadon ƙarfin ƙafarka, abin da ya koya mana tun muna yara cewa malalaci a duhu yake tafiya. Bai taɓa bin layin gidan mai ba. Ranar da aka cire tallafin fetur, a duk layinmu shi kaɗai ne bai sauya fuska ba. Ba shi da surutu. Idan ka saki feda a gangara sai ka ji shi yana tik-tik-tik a hankali, kamar tsoho na jan carbi. Sai kuma ƙararrawarsa ta tagulla. Baba ba ya kaɗa ta a banza. In ya iso ƙofar gida sai ya yi ƙirrin, ya ɗan dakata, ya sake yin ƙirrin. Da Inna ta ji na biyun take sauke tukunya.

A kan kariyar nan Yaya Hadi yake kai ni firamare. Ranar da na cusa diddige cikin wayoyin tayar baya, shi ya sha bulalar Baba, ni aka sayo wa tsire. Tabon yana nan a ƙafata. Ban taɓa tambayarsa ko nasa na nan ba.

Da Allah ya yi wa Baba rasuwa shekara goma sha ɗaya da suka wuce aka zauna rabon gado, gida da gona ba su ɗauki awa guda ba. Keke ne ya kai mu la'asar. Kowa ya san Yaya Hadi ya fi ni cancanta, amma na fi shi iya zubar da hawaye a gaban kawunnai. A ƙarshe ya dube ni ya ce, "Ɗauki, Usumanu. Amma amana ce. Ko noti ɗaya kada ka canja masa." Taya da kaca kawai aka yafe, don su masu ƙarewa ne. Na dafa ƙirji a gaban shaidu. Daga nan kowace Sallah nakan ɗauki hoton Dattijo a gareji in tura Zariya, shi kuma ya amsa da "Madalla." Shekara goma muka yi a haka lafiya lau.

Ciwon ajali ya fara ne daga jikina, ba daga nasa ba. Bara likita ya auna ni ya ce hawan jini, ya ce in motsa jiki ko jikin ya daina motsi da kansa. Haka na faɗa cikin wata ƙungiyar masu hawan keke da ke haɗuwa a Maitama kowace Asabar, manyan mutane masu 'ya'ya a jami'a, sanye da wandon roba mai kama jiki wanda ba zan so surukaina su gan ni a ciki ba. A nan abokin aikina Nazeer, wanda ya yi karatu a waje ya dawo da ra'ayi a kan komai, ya sanar da ni cewa hawan kwalta ya zama tsohon yayi. Yanzu burji ake yi: a bi hanyoyin gona, a sha tsakuwa da jar ƙasa, a dawo a yi hoto. Har sun sa ranar zuwa Paikon Kore ta bayan gari a watan Disamba. Gwamnati ta yi shekara arba'in tana shimfiɗa kwalta a Abuja, mu kuma da muka ci moriyarta muka fita neman inda ba ta kai ba.

Nazeer ya zagaya Dattijo sau biyu, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da farce, ya ce, "Oga, ai zinare kake zaune a kai. Ƙarfen da ne wannan. Ka cire masa tarkacen nan, ka sa masa manyan tayoyi, wallahi har Turawan ofishin jakadanci sai sun tsaya kallo." Rabon da a yabi wani abu nawa haka tun ranar ɗaurin aurena, ita ma ranar babbar rigar aka yaba, kuma ta aro ce.

An kwantar da marigayin a wurin Michael, bakaniken keke mai kwantena a Kado, mutumin Filato mai ƙarancin magana. A tiyatar farko aka cire madigadi da kariya da fitila da ƙararrawa. A ta biyu aka sauya kan keken da wani mai faɗi kamar ƙahon bijimi, aka sauke sirdin fata aka ɗora wani siriri mai kama da wuƙar yankan albasa. Duk abin da aka cire na tattara a kwali, na rubuta AMANA a jikinsa da manyan baƙaƙe, na kai sito. A lokacin na ɗauka wannan rubutun ya wanke ni.

A tiyata ta uku aka samu cikas. Sabuwar tayar baya ta ƙi shiga. Ƙafafun ƙarfe biyun nan da ke riƙe taya sun matse, saura kamar faɗin ɗan yatsa. Michael ya leƙa, ya girgiza kai, ya ce, "Oga, wannan keke ya tsufa. Akwai yadda ana buɗe ƙafa nasa, kaɗan kaɗan, ana aunawa da zare. Amma wannan ni ba zan taɓa ba. In ka matsa shi zai yi fushi." Na ɗauko majinyacin na dawo da shi gida. Bayan kwana biyu taya ta shiga. Yadda aka yi ta shiga, kwamitin bincike zai yi bayani in an zo wurin.

Gaskiya ya yi kyau. Ya koma kamar tsohon da aka yi wa askin samari. Sai dai tun daga ranar muryarsa ta canja. Tik-tik ɗin ya tafi tare da tsohuwar taya, sabuwar kuma zuuu take yi kamar gidan rina. Can ƙasa ta hagu kuma, duk sa'ad da na taka feda, sai in ji ƙiiƙ, ƙiiƙ. Na ɗauka gwiwata ce. Har man zafi na shafa mata.

Da Babbar Sallah ta zo sai na rasa hoton da zan tura Zariya. Na laluba waya na samo wani na shekarun baya na tura. Amsar Yaya Hadi ba "Madalla" ba ce. Cewa ya yi, "Ashe kun sake sayo tsohuwar motar." Na buɗe hoton na duba da kyau. Ga ta nan a bayan keken, motar da muka rabu da ita tun kafin azumin bara. Na tura masa alamar dariya.

Ranar Asabar ɗin da abin ya faru gwajin tafiyar Paikon Kore muka fita, mu tara. Mun wuce Jiwa, mun shiga wata hanya da ruwan damina ya zaizaye, gangara ce mai tsakuwa. Nazeer na gaba, ya waiwayo ya ce, "Oga, saki birki, ka bar shi ya yi aikinsa." Na saki. Dattijo ya yi ƙiiƙ sau uku a jere, sannan ya yi ƙas. Ba da ƙarfi ba. Kamar an karya kara. Wannan ita ce maganarsa ta ƙarshe. Ƙafar baya ta hagu ta rabu da gangar jiki, taya ta kwanta, ni kuma na ci gaba da tafiya ni kaɗai har cikin gonar dawa, kafin ya biyo ni ya faɗo a kaina. Wata baiwar Allah da ke wucewa da itace a kafaɗa ta tsaya ta yi mini sannu. Ta fi daɗewa tana kallon wandon fiye da raunin.

Ban yarda mutuwar Allah da Annabi ce ba. Keken da ya ratsa hamada ba zai mutu a gangarar da akuya ke sauka da gudu ba, sai da hannun wani. Shekara ashirin da bakwai ina aikin gwamnati, na san abin da ake yi in abu ya lalace. Na kafa kwamitin bincike. Ni ne shugaba, ni ne sakatare, ni ne wakilin iyalan mamaci.

Wanda aka fara zargi Nazeer ne. Me ya sa kyamararsa take kunne daidai lokacin? Kafin in fito daga cikin dawa bidiyon ya shiga guruf ɗin 'yan keke, har an sa masa kiɗa. Ranar Lahadi ya zo ta'aziyya da lemo, ya zauna ya sunkuyar da kai na minti ɗaya, sannan ya miƙo mini waya ya ce, "Allah ya mayar da alheri, Oga. Akwai wani mai ruwan toka daidai tsayinka." A nan ne kwamiti ya gano cewa surukinsa ne ke shigo da kekunan burji. Duk wata takwas ɗin nan bai taɓa ambatar wannan suruki ba.

Na biyu Michael. Mutumin da ya faɗi mutuwa tun ba a kwanta ciwo ba, dole a tambaye shi inda ya samo labari. Na kai masa gawar ranar Litinin. Ya cire sirdi, ya kifa keken, sai ga wani jan ruwa ya zubo daga cikin bututun ƙarfen, ya kai rabin kofi. Ya ce tsatsa ta cinye shi ta ciki, kamar gara a azara. Sannan ya nuna mini wata lotsawa guda biyu a cikin ƙafafun baya, suna kallon juna, kowacce da ɗan jan fenti. Ya kankare da farce ya ce, "Oga, wannan ba fenti na keke ba ne. Jak na mota ne." Kwamiti ya rubuta cewa jajayen jak sun yi yawa a Abuja, ba za a iya gane na wane ba.

Batun ruwan ne ya kai mu ga na uku, Ɗanjuma maigadinmu, tsohon soja da ya girme ni da shekara takwas. Kowa ya san al'adar garin nan: kafin maigida ya fito, an wanke mota, ko jiya ba ta je ko'ina ba. Ashe shekara goma Ɗanjuma yana haɗawa da Dattijo. Kowace safiya, tiyo da garin sabulu, ruwa na bi ta gindin sirdi yana taruwa a ciki. Na kira shi gaban kwamiti na karanta masa laifinsa. Ya ƙame ya ce, "Oga, kai ne ka ce duk abin da yana da taya a gidan nan a wanke shi kullum. Har baro ina wankewa." Kwamiti ya tuna an yi wannan magana, ranar da wani darakta zai zo cin abinci. Na ce ya tafi. Bai tafi ba. Ya ce, "Kuma ranar Lahadi ɗin nan da ka kawo jak, ai ni na riƙe maka shi. Na ce ya isa, ka ce saura juyi ɗaya." An share wannan daga bayanan zama, domin ba a tambaye shi ba.

Ta huɗu, kuma wadda zargin kwamiti ya fi ƙarfi a kanta, ita ce uwargida Rukayyat. Zan faɗi gaskiya tunda an zo nan. Tun ranar Lahadi na tsara yadda zan yi da Zariya. Zan ɗauko kwalin AMANA, in mayar wa mamaci tsofaffin kayansa, madigadi da kariya da ƙararrawa, in jingina shi ta gefen da bai karye ba in yi hoto, bayan wata biyu in sanar cewa tsufa ne. Na shiga sito. Ga tabarmi, ga tsohuwar fanka, ga littattafan yara, ba kwali. Rukayyat ta daɗe tana cewa sito ya cika, kuma na sha ganin tana gaisawa da masu sayen gwangwan da fara'ar da ba ta yi wa dangina. Na same ta tana gyaran wake. Na tambaye ta cikin murya irin ta shugaban kwamiti.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Wanda ka rubuta wa amana? Ai na kai shi inda ake riƙe ta, Baban Sumayyah."

Na ce ina ne nan. Ta ce in miƙo mata faranti.

Ranar Talata ina ofis sai ga saƙon murya daga Yaya Hadi, daƙiƙa tara. Na tashi na rufe ƙofa. Na zauna. Na kunna. Babu sallama, babu gaisuwa, babu ko gyaran murya. Sai ƙirrin. Aka ɗan dakata. Ƙirrin.

Na saurara sau huɗu. A na biyu ne na tuna cewa Rukayyat ta je biki Zariya mako guda kafin Babbar Sallah, da but cike da kaya, kuma ni da kaina na rufe mata but ɗin. Wato ranar da na tura tsohon hoton nan, ƙararrawar tana kan teburinsa. Wata huɗu ke nan yana jira in buɗe baki. A na huɗu ban tuna komai ba. Na dai ji kamar in leƙa ko Inna ta sauke tukunya.

Bayan minti goma rubutu ya biyo baya, layi ɗaya: "A kawo shi gida. Kada a canja masa komai a hanya."

Kwamiti ya kammala aikinsa a ranar. Ya gano cewa wata Lahadi bayan la'asar, wani ma'aikacin gwamnati mai shekara hamsin da huɗu, wanda iliminsa a fannin ƙarfe bai wuce bidiyo biyu da ya kalla a waya ba, ya cusa jak ɗin motarsa tsakanin ƙafafun marigayin ya yi ta juyawa, har ya ji wani ɗan sauti da ya yanke shawarar bai ji ba. Ya gano cewa tsatsa ta yi rabin aikin, jak ya ƙarasa, kuma umarnin wankin da jak ɗin duk daga ofishi ɗaya suka fito. Bisa al'ada ba a bayyana sunan jami'in ba. An karɓi rahoto, an gode wa kwamiti, an sa a durowa. Sai dai kwamiti na nan a kan bakansa cewa Nazeer bai fita daga zargi ba.

Marigayin ya rasu ya bar tayar gaba, lafiyarta ƙalau, ba ta san abin da ya faru a baya ba. Ya bar sababbin tayoyin burji biyu da ba su yi wata shida a gidan ba, da famfo, da hular kwano, da wandon roba guda biyu da ba mai gadonsu. A Zariya ya bar sirdin fata da kariya da madigadi da fitila da ƙararrawa, duk suna hannu nagari. Ya bar abokin wankansa, baro. Ya kuma bar tumbina da aka ɗauko shi ya rage, yana nan yadda ya same shi.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Ba za a yi masa wanka ba, an yi masa na shekara goma, an gargaɗi Ɗanjuma. Ana karɓar gaisuwa a gidanmu da ke Gwarimpa daga la'asar zuwa magariba har ranar Juma'a. Masu zuwa kada su zo da hoton wani keke. Nazeer zai iya zuwa, amma ya bar wayarsa wurin maigadi. Tafiyar Paikon Kore tana nan ga masu rai, a cire sunana.

Ranar Asabar bayan sallar asuba za a ɗaure gawar a saman mota, da karyayyar ƙafarta da ƙahon bijiminta da jan fentin jak, yadda take, a kama hanyar Zariya. A can Yaya Hadi zai mayar masa da kayansa da hannunsa, a rataye shi a bangon zaure, daidai inda Baba yake jingine shi. An ce ni zan riƙa miƙo sifana. Rukayyat ta ce za ta raka ni, kuma gaba za ta zauna, wai don kada in ɓata hanya in ɓulla Lakwaja.

Masu niyyar addu'a kada su wahalar da kansu a kan mamaci. Ƙarfe ne, ba shi da hisabi. Mai hisabin shi ne zai tuƙa motar.